Dogarai Biyu a Mita Biyu: Yadda Muka Zaɓi Itacen Ado

Hausawa sun daɗe da yanke wa giginya hukunci a cikin karin magana guda: inuwar giginya, na nesa ka sha. Itace ne dogo siriri, ganyensa can a ƙoli, da zarar rana ta ɗan karkata sai inuwar ta bar gindinsa ta faɗa can gaba inda wani baƙo yake hutawa. Da wannan magana ake yi wa mai arzikin da danginsa ba su amfana da shi gugar zana. Kakanninmu dai ba su ga abin yabo ga itacen da ya miƙe sama ya manta da na ƙasa ba. Ga shi yau mu jikokinsu, mazauna sababbin unguwannin Damagaram da Maradi da Yamai, irin wannan itace muke fita nema da kuɗinmu, har muna gargaɗin mai sayarwa kada ya ba mu wanda zai yi faɗi.

A da, faɗin itace shi ne darajarsa. Gindin durumi da cediya nan ne majalisar dattawa, nan malam yake tara almajiransa da alluna, nan wanzami da mai gyaran takalmi suke baje kayan aikinsu. Tsamiya tana ba da inuwa ta ba da tsamin kunu, kuka ta ba da miya. Har sunayen wurare daga itatuwa aka ɗauko su, kamar Kasuwar Rimi da Kurna da Durumin Iya a Kano. A nan Damagaram, masu riƙe da tarihi suna ba da labarin doka mai tsanani da Sarki Tanimun ya kafa a ƙarni na 19 a kan duk wanda ya sare gawo ba da izini ba. Gida a wancan zamani yana da sarari, ɗakuna suna warwatse, kuma ginin ƙasa ne wanda in ya tsage a kwaɓa laka a yaɓe shi kafin damina.

Gidan yau daban yake. Filin da muka samu a bayan gari, bayan shekaru muna tari, mita 15 ne a kan mita 20. Mu uku ne ƴan ɗaki ɗaya muka haɗa ƙarfi muka gina shi, domin mahaifiyarmu ta bar gidan haya ta zauna a nata. Da aka fitar da ɗakunan kwana da falo da madafa da banɗaki da ramin masai, aka daɓe ƴar tsakar gidan da siminti, sai ƙasar da ta rage mana ta zama wani siririn lungu a yammacin gini, faɗinsa mita biyu, tsakanin bangon ɗakunanmu da katangar maƙwabci, da kuma ɗan gurbi kusa da ƙofar shiga. Wannan shi ne dukan lambunmu, kuma a kansa muka shafe kusan wata biyu muna shawara.

Inna ce ta fara faɗin nata. A tsohuwar unguwar Birni ta girma, a gidan da tsamiya ta rufe rabin tsakar gidansa, don haka buƙatarta a fili take.

“Ku dai ku dasa mini abin da zan shimfiɗa tabarma a gindinsa,” in ji ta.

Bedi take nufi, wanda wasu ke kira dogon yaro, Kanawa kuma dalbejiya. Ba a raina wannan zaɓi. Itace ne da aka kawo daga ƙasar Indiya a zamanin Turawa, ya karɓi ƙasarmu ita ma ta karɓe shi. Shi ya fi yawa a dajin da aka fara dasawa kewaye da birnin Yamai a 1965, da shi aka yi layukan tare iska a kwarin Majiya tun daga 1975. Yana jure fari, kuma inuwarsa tana nan a lokacin bazara da aka fi bukatarta. Sai dai bedin da ya girma yana buɗe rassansa mita da yawa ta kowane gefe, saiwarsa kuma ta fi rassan tafiya. A lungun mita biyu, shekara goma ta isa ya fara ture katangar maƙwabci, ya ɗaga daɓen ɗakinmu, ya kai hannu ga ramin masai. Tsagar bangon siminti ba ta yaɓuwa da laka, tsagar zaman maƙwabtaka kuma ta fi ta wuyar gyara.

Wannan ne darasin farko da wani dattijo mai renon dashe a bakin hanya ya koya mana. Mun je da hoton itacen da muka gani a ƙofar wani gida, yana dubawa sai ya ture wayar gefe ya tambaye mu abu huɗu: faɗin wurin, nisan ramin masai da bututun ruwa, ko akwai wayar lantarki a sama, da kuma yawan ruwan da za mu iya bayarwa a watan Afrilu da Mayu. Ya ce mai saye yana kallon rabin itace ne kawai, ɗaya rabin yana cikin ƙasa, kuma shi ne yake jawo ƙara gaban mai unguwa. Ya ce duk dashen da ke cikin leda siriri ne, har kuka. Abin tambaya shi ne yadda zai zama bayan shekara goma sha biyar, don haka ya shawarce mu mu zaga gari mu nemi tsoffin kowane iri mu tsaya a gindinsu.

Mun bi shawararsa, muka fara da turare. Daga Ostareliya aka kawo shi, yana miƙewa sama da sauri, ganyensa yana da ƙamshi, daga nesa kuma ya yi kama da abin da muke nema. Da muka tsaya a gindin manyansa sai muka ga kaurin jikinsu, muka ga yadda ƙasar da ke kewaye da su ta bushe babu ko ciyawa. Mashayin ruwa ne, saiwarsa tana bin danshi duk inda yake, kuma yakan saki babban reshe ba sallama in iskar farkon damina ta taso. Wurinsa bakin fadama ne da iyakar gona, nesa da rufin kwano.

Sai wani da masu dashe ke kira etajer da bakin Faransanci, saboda rassansa suna fita hawa-hawa kamar kantar jera kwanuka. Asalinsa tsibirin Madagaska ne. Yana ƙarami babu wanda ya kai shi tsari, shi ya sa ya cika harabar ofisoshi da gidajen mai. Amma kowane hawa faɗi yake ƙarawa a kwance, saiwarsa kuma tana bin saman ƙasa tana fasa daɓe. Mun ga wani gida da aka datse masa rassa ta gefen bango har ya zama kamar mai hannu ɗaya. Itacen da sai an riƙa sassare shi kafin ya shiga wurinsa, tun farko ba wurinsa ba ne.

Dabino ya daɗe a ranmu. Yana da asali, shi ne adon Ingal da Bilma, ga shi da gangar jiki guda wadda ba ta cin wuri. Matsalarsa tana cikin shekarun ƙuruciyarsa. Kafin ya tashi sama yakan yi shekaru yana baje ganye daidai tsayin mutum, kuma a gindin kowane reshe akwai ƙaya mai tsini kamar basilla, daidai idon yaro mai gudu. Ga shi kuma akwai namiji akwai mace, guda ɗaya tilo ba ya ba da tabbacin ƴaƴa. Gidan da jikoki ke wasan ɓuya a lungu ba ya ɗaukar wannan kasada.

Zogale ma mun duba shi, domin ba ya cin wuri, yana girma cikin shekara guda, ga ganye na kwaɗo da na miya. Ƙanwarmu ta tsaya masa sosai, tana cewa adon da ake ci ya fi adon da ake kallo. Gaskiyarta ne ta fuskar amfani. Sai dai jikinsa ba ƙwari, iska tana karya shi, kuma in ana son ganye dole a riƙa datse shi, don haka rabin shekara kututture ne mai tsiro. Mun ba shi gurbi a bayan madafa inda ruwan wanke hatsi ke zuba, amma ba shi ne amsar lungun yamma ba.

Wanda ya rage shi ne na cikin hoton. Itace ne da asalinsa kudancin Indiya da Siri Lanka, masana tsirrai suna kiransa Polyalthia. Yana tashi tsaye kamar an zare shi da igiya, rassansa gajeru suna sunkuyowa ƙasa manne da jikinsa, ganyensa dogaye sirara masu lanƙwasa a gefe, sun rufe shi tun daga ƙoli har kusan ƙasa. Yakan wuce mita 10 a tsayi alhali faɗinsa bai fi mutum ya buɗe hannuwansa ba. Ba shi da ƙaya, ba ya tuɓe ganye da rani, sabon tohonsa kuma jaja-jaja yake fitowa kafin ya koma kore shar. A Najeriya sunan da ake sayar da shi yana nufin dodon bukukuwan kudu, wanda ake lulluɓewa daga kai har ƙafa. A ƙasashenmu masu Faransanci kuwa, sunan da masu dashe suka ba shi ma'anarsa matar mamaci mai kuka, saboda wannan sunkuyon rassa.

Da muka fassara wa Inna sunan, sai ta ajiye carbinta.

“Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, ta ishe ni,” ta ce. “Ba za a kafa mini wata a cikin gida ba.”

Babu wanda ya yi dariya a cikinmu. Suna ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushe, kuma wadda aka gina gidan dominta ita ce za ta wuni tana kallon abin da aka dasa. Mun kai ta wurin dattijon nan mai dashe ta gani da idonta. Ya gaishe ta, ya saurari ƙorafinta har ƙarshe, sannan ya ce:

“Hajiya, ai wannan sunan Bature ne, ba a yanka masa rago ba. Ki raɗa masa wanda kike so.”

Inna ta daɗe tana kallon wasu manya guda biyu da ke tsaye a bakin shingensa, ganye ya sauko musu har ƙasa, ja a sama kore a jiki. Can ta ce ita dai dogaran Sarkin Damagaram take gani ranar hawan salla. Daga ranar sunansu dogarai a gidanmu, har maƙwabta sun ɗauka.

Da aka gama da suna, sai maganar rana ta taso, kuma a nan ne muka gane iyakar abin da siririn itace yake iya yi. Damagaram tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta rana tana bi daidai tsakar ka. A kwanakin da zafi ya haura digiri 40, inuwar dogari da azahar ba ta wuce gindinsa ba, ko akuya ba ta ishe ta kwanciya. Amfaninsa yana zuwa ne daga la'asar, lokacin da rana ta koma yamma tana dukan bango. Bangon siminti yana shan wannan zafi ya riƙe, sai dare ya yi ya amayar da shi cikin ɗaki, shi ya sa ɗakin yamma ba ya kwantuwa da bazara. Itace mai tsayi da ganye tun daga ƙasa, in ya tsaya a yammacin bango, yana tare wannan duka kamar labule. Da safe kuma inuwarsa tana tsallaka katanga ta faɗa gidan maƙwabci. Da muka je neman yardarsa kafin mu haƙa rami, wannan muka fara faɗa masa, ya ce in dai saiwa ba za ta taɓa masa gini ba, inuwar safe kyauta ce ya karɓa.

Saura ruwa, wanda shi ne alƙalin kowace shawara a wannan gari. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, damina kuma wata uku ce zuwa huɗu. Da bazara akwai unguwannin da sai tsakar dare famfo ke tsiyaya, akwai kwanakin da sai an jira mai garuwa. Dogari ɗan ƙasar da ta fi tamu laima ne, yana son ruwa a kai a kai, musamman a shekarunsa biyu na farko, in kuwa ya ji ƙishi sai ganyensa na ƙasa ya zube ya bar ƙafa tsirara. Babban yayanmu ya so a jera guda takwas daga farkon lungu zuwa ƙarshensa, kamar yadda ake yi a gidajen masu rijiyar burtsatse. Muka zauna muka yi lissafi da bido mai lita 25, muka ga cewa takwas za su riƙa rabon ruwa da tukunyar gidan. Daidai ruwa daidai tsaki. Muka tsaya a kan biyu, daidai saitin tagogin ɗakin Inna, inda ranar yamma ta fi tsananta.

Mun jira damina ta zauna, muka yi dashen ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Kowane rami mun ba shi zurfin kusan santimita 60 da faɗi kamar haka, a tsakiyar lungun, mita guda daga kowane bango. Mun cakuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. Kusa da kowane dashe mun binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, yana tsatsafowa a hankali zuwa ga saiwa, rana ba ta sha ba. Aka mayar da wurin alwalar gidan kusa da su. Ruwan sabulu da na wanke-wanke mai maiƙo kuwa an hana zuba musu.

Gurbin ƙofa kuma rumman ya samu. Ƙaramin itace ne da ba ya cika wuce mita biyar, yana jure rana da ƙarancin ruwa, furensa ja wur, kuma duk wanda ya ga rumman na lambunan Timiya a cikin duwatsun Abzin ya san ƙasarmu ba baƙuwarsa ba ce. In aka bar masa jiki ɗaya aka riƙa cire tsiron gindi, yana tashi tsaf ba tare da ya tare hanya ba. A jikin katanga muka sa lalle guda biyu, don ƙamshin furensa da dare da kuma hannun ƴanmatan gidan.

Duk da haka, bashin tabarmar Inna yana nan a kanmu. Dogarai za su sanyaya mata ɗaki, rumman zai ƙawata mata ƙofa, amma babu ɗayansu da za a zauna a gindinsa. Wannan ne abin da ya fi damunmu, kuma muna ganin ya shafi fiye da gidanmu. Duk wanda ya ratsa sabuwar unguwa da tsakar rana zai ga kawunan sirararan itatuwa suna leƙowa ta saman katangu, titin kuwa fayau, babu inda mai tallan ruwa zai sauke tulunsa, babu inda samari za su kafa fadarsu ta shayi, babu inda za a shimfiɗa wa masu gaisuwar mutuwa tabarma sai an yi hayar rumfa. Kowane gida ya yi wa kansa ado, unguwa ta zauna a rana. Ƙuncin fili ne ya jawo haka, kuma uzuri ne na gaskiya, amma iyakarsa bakin ƙofa.

Titinmu na ƙasa ne mai faɗi, wayar lantarki kuma ta ɗaya gefen ta bi. Muka yi magana da maƙwabtan dama da hagu, muka sanar da mai unguwa, muka auna mita huɗu daga katangarmu muka dasa bedi a waje. Aka kewaye shi da tubali aka ɗora ƙaya saboda awaki, yaran gidaje uku suka raba kwanakin ba shi ruwa. Bedi in ya kama ƙasa ba ya neman kowa, bayan damina biyu ko uku sai dai a riƙa gyara masa rassa. Nan gaba reshensa zai leƙo ta kan katanga ya rufe wani sashe na tsakar gida, sauran kuma na masu wucewa ne. Kafin lokacin mun kafa wa Inna rumfar zana.

Ɗayanmu ya ce mata da ɗan nauyin baki, shekarun da za a jira suna da yawa. Ta gane abin da yake nufi sarai.

“Wanda ya dasa tsamiyar gidanmu na Birni, ko sunansa ban sani ba,” ta ce. “Ni na sha inuwarsa shekara ashirin.”

Ga wanda yake tsaye a irin lungunmu da ma'auni a hannu, abin da muka samo kaɗan ne amma ya ishe mu. A fara auna ƙasa da ruwa kafin a je wurin mai dashe. A nemi tsohon itacen irin wanda ake so, a dubi abin da ya yi wa bango da daɓen da ke kusa da shi. A sa siririn itace a yamma inda tsayinsa zai yi aiki, a dasa adadin da za a iya shayarwa a watan Mayu. A gaya wa maƙwabci kafin a haƙa rami, a tambayi tsofaffin gida tun da su ne masu wuni a cikinsa. In an gama wannan, a fito ƙofar gida a duba ko titi yana da gurbin itace mai faɗi guda ɗaya.

Dogaranmu yanzu sun wuce tsayin taga, rumman ya yi furen farko, bedin waje kuma ya kai kafaɗar babban mutum, har wani mai gyaran keke ya fara zuwa yana auna wurin da ido. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da aka dasa, ya sa masu shan inuwar su yi wa masu dashen addu'a.